Yadda za ka zauna da gwaggon biri a Shai Hills har ka fara gane zancensu

Duk wanda ya taɓa hawa motar Akosombo daga Ashaiman ya san Shai Hills, gandun namun daji da ke kusa da Accra a Ghana. Ana wuce Afienya kaɗan sai duwatsu su taso a gefen hanya, ga gwaggon birai zazzaune a bakin kwalta kamar 'yan kamasho masu jiran mota. Direba ya rage gudu, wata ta jefa ayaba ta taga, yara su yi ihu, a wuce. Shekara da shekaru iyakar sanina da su ke nan, alhali kuwa ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Nima, ina tsayawa gaban allo ina bayanin dabbobin da ban taɓa zama na kalla ba.

Ranar da na fara sauka, da abin kunya na fara. Na riƙo burodi a baƙar leda, ban kai ƙofar shiga ba wani ƙato ya taho a natse, ko gudu bai yi ba, ya karɓe ledar kamar bashi ya biyo ni. Ma'aikacin gandun ya yi dariya ya ce, "Malam, ai kai ka kira shi. Sun san leda fiye da yadda ka san ɗalibanka." Wannan maganar ce ta sa na riƙa komawa. Dabbar da ta san leda, wani ne ya koya mata, ko ta gani a wurin wani. To yaya ake yi? Abin da zan rubuta nan shi ne hanyar da na bi, don wanda yake so ya je ya gani da idonsa.

Shirin tafiya

Gandun yana Doryumu, kimanin kilomita 50 daga Accra, kuma faɗinsa murabba'in kilomita 51 ne. Ko ka bi ta Tema da Ashaiman, ko ta Madina da Dodowa. Duwatsun nan garin mutanen Shai ne a da, har Turawan Ingila suka tashe su a 1892, kuma har yau akwai kufansu a sama. Bayan gwaggon biri akwai maraya, akwai mazo, akwai ƙananan birai masu ɗan koren gashi, da kogon jemagu. Za a haɗa ka da ma'aikaci. Tun a ƙofa ka gaya masa ba hawan dutse ka zo ba, zama ka zo yi wurin birai, don yawancin baƙi hoto suke so su wuce.

Ka yi asuba ka kama hanya. Gwaggon biri a kan duwatsu ko manyan itatuwa yake kwana, kuma da safe kafin garke ya fita kiwo ne ake zaman hira, yara na wasa, manya na duba gashin juna. In rana ta take, kowa inuwa yake nema, ba abin da za ka gani sai barci. Lokacin hunturu ya fi, ciyawa ta bushe, ido na kaiwa nesa.

Ka ɗauki littafi da biro, da agogo, da ruwa a gora a cikin jaka mai zif. Abinci kuwa ka ci wakenka a tasha ka wanke hannu. Kada ka riƙe leda ko da babu komai a ciki.

Zaman kansa

Ka tsaya nesa, kamar taku ashirin ko fiye, ka zauna a gicciye, kada ka fuskance su gaba da gaba. Abu biyu ne suka fi jefa baƙo cikin matsala, kuma duk biyun a wurinmu ladabi ne. Na farko kallon ido cikin ido: a wurinsu neman faɗa ne. Na biyu murmushi. Kai kana nufin alheri, shi kuwa haƙora ya gani a waje, kuma a tsakaninsu wanda ya yage baki ya nuna haƙora ko dai tsoro ya kama shi ko magana ta ɓaci. Ka rufe bakinka, ka riƙa kallo ta gefen ido. Namiji babba ya kusa ninka mace nauyi, fiƙoƙinsa kuma ba na wasa ba ne. In ya taho wajenka kada ka ruga, ka miƙe a hankali ka ja baya.

Minti goma sha biyar na farko, ba za ka ga komai ba sai hargitsi. Wannan ya bi wancan, wata ta yi ƙara, yaro ya faɗo daga reshe. Idon mutum wurin hayaniya yake tafiya, shi ya sa duk wanda ya kalli birai na ɗan lokaci yake dawowa ya ce ba su da aiki sai faɗa. Maganin wannan wata Ba'amurkiya ce ta tsara shi, Jeanne Altmann, wadda ita da mijinta suka kafa binciken gwaggon biri na Amboseli a Kenya a 1971, binciken da har yau bai tsaya ba. A 1974 ta fitar da ƙa'idar da masu nazarin dabbobi ke bi: ka zaɓi dabba ɗaya tak, ka sa mata ido na ƙayyadadden lokaci, ka rubuta duk abin da ta yi da duk abin da aka yi mata, ko da ana yanka juna a gefe. Ni minti goma nake yi wa kowace. Yana da wuya fiye da yadda ake zato. Za a yi ihu a bayanka, wuyanka zai so juyawa. Kada ka juya.

Kuma ka fara da mace mai goyo, kada ka fara da ƙaton namijin da ya cika maka ido. Ga dalili. A garken gwaggon biri mata ne 'yan gida. Inda aka haifi mace nan za ta mutu, tare da uwarta da 'yan'uwanta da innoninta. Namiji kuwa in ya tasa, wajen shekara 7 zuwa 9, sai ya bar gida ya shiga wani garke inda bai san kowa ba. Wato a nan ango ne yake tarewa. Saboda haka duk wani tsohon zumunci da tsohuwar gaba da ke cikin garken, a wurin mata za ka same su.

Don ka gane wadda ka zaɓa in ka dawo, nemi alama: yagaggen kunne, tabo a hanci, yadda jela ta karye. Ka sa mata suna a littafinka. Tawa ta farko Guntun Kunne na sa mata.

Abin da za ka rubuta

Abu na farko, wa ke tashi ya ba wa wuri. Wannan shi ne mabuɗin komai, kuma ba shi da hayaniya ko kaɗan. Wata na zaune tana tonon saiwa, wata ta taho, ta farkon ta miƙe ta matsa ba tare da an taɓa ta ba. Ka rubuta: wance ta tashi wa wance. In ka tara irin wannan talatin ko arba'in, tsanin matsayi zai fito maka a takarda da kansa. Za ka kuma ga abin da zai ba ka mamaki: 'yar ƙaramar budurwa ta tashi babbar mace da ta ninka ta girma. Ba ƙarfi ba ne, gado ne. 'Ya tana gadon matsayin uwarta, domin tun tana ƙarama duk wanda ya taɓa ta uwar da dangi za su taso. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne auta takan hau kan yayyenta, ita ce ke biye da uwa a matsayi. Da na gaya wa jikata wannan, ita da take auta a ɗakinsu, cewa ta yi, "Kaka, ashe birai sun fi mu adalci."

Abu na biyu, wa ke duba gashin wa, kuma na minti nawa. Mu muna cewa tsintar ƙwarkwata suke yi, kuma akwai tsafta a ciki, amma in ka lura za ka ga ba kowa ake yi wa ba. Zaman gidan kitso ne: wanda ake shiri da shi ake zama da shi. A 2003 masu binciken Amboseli suka nuna cewa matan da suka fi cuɗanya da sauran 'yan garke, 'ya'yansu sun fi tsallake shekarar farko da rai. Don haka kada ka raina wannan zaman da ke kama da zaman banza.

Abu na uku, jariri. Sabon haihuwa baƙi ne wuluk, fuska da kunnuwa jajaye, yana manne a cikin uwa. Bayan 'yan watanni yake komawa baya ya hau kamar mahayin doki, gashinsa kuma ya rikiɗe ya koma irin na manya. Mai sabon jariri kamar mai jego ce a zango, kowa na son ya zo barka. Ka saurara da kyau lokacin da wata ke matsowa: za ka ji ɗan gunaguni a maƙogwaro, gajere, a jere, tana kuma motsa leɓɓa da sauri kamar mai tsotsar tsamiya. Sallama ke nan. Tana cewa da alheri na zo. In babba ta yi wannan gunagunin, mai jegon takan zauna ta bari a taɓa ɗan. In ta taho shiru, sau da yawa sai uwar ta rungume abinta ta bar wurin. Da irin wannan gunagunin ake sulhu ma: bayan faɗa ka ci gaba da kallon wadda ta yi nasara, wani lokaci za ka ga ta koma kusa da wadda ta kora ta yi mata shi, zama ya dawo daidai.

Na gargaɗi kuwa a fuska yake. Ɗaga gira har farar fatar ido ta bayyana, wannan harara ce. Doguwar hamma da namiji ke yi yana nuna fiƙoƙi, musamman in wani namijin na kusa, ba barci yake ji ba. Dukan ƙasa da tafin hannu ma haka. Sai kuma haushin nan mai gaɓa biyu da manyan maza ke yi, "waa-huu", wanda ake ji daga nesa, ko don sun hango abin tsoro ko don suna gwada ƙarfi da juna. In ka ji shi, kada ka nemi mai haushin. Dubi inda sauran suka juya.

Wannan dabarar ta duban masu sauraro ita ce ta buɗe wa masana ƙofar gaba ɗaya. A binciken da suka fitar a 1980, Robert Seyfarth da Dorothy Cheney da Peter Marler sun ɓoye lasifika a daji a Amboseli, suna sa wa wasu ƙananan birai, 'yan'uwan masu koren gashin nan namu, kukan gargaɗin da suka naɗa. Kuka ɗaya, kowa ya haye bishiya: damisa. Wani kukan, su dubi sama su faɗa cikin ƙurmi: gaggafa. Na uku, su miƙe a ƙafa biyu suna duban ciyawa: maciji. Babu damisa babu maciji a wurin, sauti kawai. Yaransu kuma sukan yi kuskure, su yi kukan gaggafa don sun ga tsuntsun da ba ya cin kowa, har ma ganye mai faɗowa, sai a hankali suke daidaitawa. Daga baya su Cheney suka koma Okavango a Botswana wurin gwaggon biri, suka haɗa muryoyi ta yadda za a ji kamar ta ƙasa a matsayi tana yi wa babba barazana, babbar tana kururuwar tsoro. Masu sauraro suka tsaya suna kallon wajen lasifikar, kuma sun fi daɗewa in juyin ya faru tsakanin gida da gida a kan in rikicin cikin ɗaki ɗaya ne. Wato kowace ta san muryar kowace, ta san 'yar wace ce, ta san wa ke sama da wa. Tun a makarantar allo aka gaya mana dabbobi al'ummomi ne kamarmu, amma ni dai sai da na zauna a kan dutse da biro a hannu maganar ta shige ni.

Ba sai an je gabashin Afirka ba. A Gashaka Gumti ta Najeriya, a 2006, an gano wasu birai masu farin hanci da ke jera kuka iri biyu, haɗin ya ba da ma'ana ta uku: ku tashi mu tafi. A Senegal kuma, a binciken da ya fito a 2019, an tashi ɗan jirgi marar matuƙi a kan birai masu koren gashi, irin na Shai Hills. Ba su taɓa ganinsa ba, amma kukan da suka yi ya yi kama da kukan gaggafa na 'yan'uwansu na Kenya, kuma da aka sa musu ƙarar jirgin a lasifika bayan kwanaki, sama suka duba. Kukan gado ne, ma'anar sabon sauti kuwa koyo ne, kuma cikin sauri.

In ka yi sa'a ka kai lokacin da garke zai tashi kiwo, ajiye biro ka kalla. Ɗaya zai yi 'yan taku ya tsaya ya waiga. Wani ya nufi wani gefen. A yi ta ja, a zauna, a sake miƙewa, kamar iyali za su tafi biki. Na daɗe ina zaton babban namiji ne ke yanke hukunci. Ashe a Mpala ta Kenya an sa wa gwaggon biri 25 na'urar bin sawu a wuya, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna inda masu yawa suka nufa nan ake bi, ko da na ƙasa ne suka fara. In hanyoyin biyu ba su yi nisa da juna ba sai a raba tsakani, in sun yi hannun riga sai a zaɓi ɗaya.

Baƙon namiji da darasin leda

Wanda na fi so a kalla bayan mai goyo shi ne baƙon namiji. Za ka gane shi: yana gefe, ba ya sakin jiki, yana yawan waige. Halinsa ɗaya da na mutumin da ya sauka a zango da dare bai san kowa ba, dole ya nemi mai masauki. Mai masaukinsa mace ce. Zai yi ta zama kusa da wata, yana motsa mata leɓɓa, yana duba mata gashi in ta yarda, yana haƙuri da ɗanta, har ta saba da shi, ta nan ya samu shiga. Kuma yana koyon al'adar gidan. A Afirka ta Kudu, a binciken da ya fito a 2013, an gwada wannan a kan ƙananan birai irin masu kukan gargaɗin nan na Amboseli, da masarar da aka rina shuɗi da ruwan hoda, aka sa wa kala ɗaya ɗaci, kowane garke ya saba da tasa. Bayan an daina sa ɗacin, mazan da suka yi ƙaura zuwa garken da ke cin ɗaya kalar kusan duk sun bar ta gidansu suka bi ta masu gari. In ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura.

Akwai labarin da nake ba ɗalibaina kowace shekara, na garken gwaggon birin da Robert Sapolsky ya bi a Kenya. A shekarun 1980 mazan garken mafi faɗa suka riƙa zuwa jujin wani masaukin 'yan yawon buɗe ido suna cin ragowar nama. Naman na ɗauke da tarin fuka, ya kashe su, aka bar mata da maza masu sanyin hali. Garken ya zama mai yawan duban gashi, mai ƙarancin cin zali. Abin mamakin, bayan wajen shekara goma duk mazan farko sun ƙare, waɗanda ke nan baƙi ne daga wasu garkuna, amma halin gidan bai canza ba. Sun zo sun tarar, sun bi.

Mutane sukan ji daɗin ƙarshen labarin su manta farkonsa, wato juji. Shi ya sa in ka gama da na cikin gandu, ka ba na bakin titi rabin awa, ka kwatanta. Dubi yaron da ke bayan uwarsa lokacin da mota ta rage gudu. Ba ayabar yake kallo ba, uwar yake kallo: yadda take tsayawa, wace mota take nufa, wace taga. Makaranta ce, kuma mu ne malaman. Abincin daji a warwatse yake, kowa ya tona nasa. Ayabar da aka jefo kuwa guda ce a wuri guda, mai ƙarfi ne ke ɗauka, sai faɗa ya ƙaru, ga motoci na gudu a kan wannan hanya. Ni ra'ayina a fili yake: jefa musu abinci ba sadaka ba ce, ko da niyyar mai jefawa kyakkyawa ce. Na sha faɗa wa direbobi haka, wasu su ji, wasu su ce Malam ya fara zama lauyan birai.

Kafin ka bar wurin, a littafinka ka raba shafi biyu. Hagu abin da ka gani, dama abin da kake zato. "Ta ɗaga gira, ɗayar ta tashi" na hagu ne. "Tana jin haushinta" na dama ne. Biri ya yi kama da mutum, shi ya sa yake da sauƙi ka ɗora masa labarin gidanku. Ni na yi wata uku ina rubuta cewa Guntun Kunne na da kishiya, daga baya na lura duk sanda aka taɓa ɗayar ita ce ke fara tasowa. Alamu sun fi nuna 'yarta ce.

In kuɗin mota bai samu ba, ka fara gwaji a nan cikin gari. Daga Nima zuwa asibitin sojoji da ake kira 37 tafiyar ƙafa ce, kuma itatuwan bakin asibitin cike suke da jemagu masu cin 'ya'yan itace, musamman da rani, don da damina yawancinsu kan yi ƙaura. Mutanen Kumasi kuma suna da nasu a gidan zu na Kejetia. Masu binciken da suka sa wa na Accra na'ura sun gano suna iya kai irin itace har kilomita 75 daga inda suka ci. Ƙa'idar ɗaya ce: reshe ɗaya, jemage ɗaya, minti goma. Dubi wanda yake ture maƙwabcinsa da fiffike, da wanda yake lasar gashin wani, da yadda hayaniya ke ƙaruwa gab da magariba kafin su tashi su rufe sama. Ka tsaya a gefen inuwar, ba ƙarƙashinta ba, kuma ka sa hula, amma ba ta zuwa Juma'a ba.